Tekun Tsakar Gidan Kyaftin

Gara in faɗa tun yanzu, wani ɓangare na wannan labari ya zube mini a hanya. Na manta shekarar. Motar da ta zo ɗaukar su ma, wani lokaci ina ganinta fara, wani lokaci shuɗiya. Jikata ta ce ruwan toka ce, to amma ita a lokacin goyonta ake yi. Abin da tsufa ya kasa ƙwace mini shi ne warin jiƙaƙƙiyar katifa, da muryar wata tsohuwa tana tambaya ko an iso. Amma na yi gaba da yawa. Bari in fara daga maƙwabcina.

Mai gyaran famfo ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mutum ne mai fara'a, kana kiransa ya iso da jakarsa, ba ya jan rai. Sai dai duk famfon da hannunsa ya taɓa, to ka nemo bokiti ka ajiye a ƙarƙashi. A layinmu babu gidan da ba shi da irin wannan bokiti. Nawa yana nan har yau, na saba da sautinsa, in ya yi shiru ma sai in ji kamar an yi mini sata. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Ɗigo. A gaban idonsa kuwa Kyaftin ne, saboda wani hoto da ya rataye a shagonsa. A ciki yana saurayi, ya ɗora farar hula irin ta ma'aikatan jirgin ruwa, ga ƙaton jirgi a bayansa.

Majalisarmu a bakin layi take, a rumfar mai aski. Nan Kyaftin yake baje kolinsa.

“Teku?” yakan ce. “Ta san ni, na san ta. Akwai ranar da igiyar ruwa ta taso ta fi wancan turken lantarki tsawo. Kowa ya ruga ciki. Ni kuwa na tsaya na zuba mata ido. Wallahi da kanta ta sunkuya.”

Mai aski ba ya barin ta faɗi ƙasa. “Ta sunkuya ne ta duba ko ka zo mata da bokiti.”

Haka muka yi shekaru, ba wanda ya cutu. Sai idon mahaifiyarsa ya fara yin yana. Inna muke ce mata dukkanmu, har ni da ba ta girme ni da yawa ba. Wata la'asar ta fito da sandarta shan iska, ta iske shi yana tsakiyar labarin wani kifi da ya haɗiye tukunya. Ta tsaya har ya kai aya.

“Kai wannan,” ta ce, don ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. “Tun kana da gashi a ka kake ba mu labarin ruwan nan. Likita ya ce idona yana rufewa a hankali. Ka kai ni in gani kafin ya ƙarasa.”

Na ga ya buɗe baki zai kawo uzuri. Amma ga jama'a zaune, har almakashin mai aski ya tsaya a iska. Sai ya bugi ƙirji.

“Inna, an gama! Ba ke kaɗai ba, har da Malama da yara. Ku shaida, ni zan kai su, ni zan nuna musu ita lungu-lungu.”

Malama matarsa ce, tana koyarwa a firamare, ba ta da yawan magana. Tana da ƙanwa da ke aure a wani birni na bakin teku. Kafin mijin ya gama karɓar jinjina, ta buga wa ƙanwar waya, ta kuma shirya da wani direban doguwar tafiya cewa zai biyo ta bakin layi ya ɗauke su, saboda ƙafar Inna. Hutun makaranta ya kusa ƙarewa. In wannan mota ta wuce su, sai baɗi, kuma ba wanda ya san abin da zai rage na idon Inna a baɗi.

A wurin Malama shiri ya kammala ke nan. A wurin Kyaftin ko farawa ba a yi ba.

“Ba a kai ɗanyun mutane teku,” in ji shi. “Sai an horar da su.”

Ya fara da ni. Ya shigo zaurena ya zauna a kan littattafai, wai in gwada masa abin da masana suka ce, ya ji ko sun yi daidai. Na ce masa na karanta cewa ruwan teku yakan janye ya bar yashi, sannan ya komo, kuma wata ne ke jan sa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Malam, ku dai da littafi! Ni da ruwa nake kwana nake tashi. Ruwa ba ya tafiya ya dawo sai da inji. Akwai babban inji a ƙarƙashi, na san ma wanda ke kula da shi, wani gajere ne.”

Ban ja da shi ba. Ban taɓa zuwa ba, ta yaya zan ƙaryata gajere?

Washegari ya kwaso tsofaffin tiyub na taya daga wurin mai faci, aka hura su tam. Wai kowa zai saba da yawo da nasa a ƙugu. Yara suka yi murna. Malama ta dubi nata ta rataye a ƙusa. Inna ta shafa nata ta ce ya yi kyau, ta aza a ƙasa ta zauna a kai. Shi kuwa, don ya nuna yadda ake yi, ya ɗauki na ƙaramar mota ya zura ta ka. Ya wuce kafaɗa da ƙyar, ya iso ciki ya tsaya. Sama ya ƙi, ƙasa ya ƙi. Ya nufi ɗaki ya cire a ɓoye, sai ƙofar ta riƙe shi, rabinsa ciki rabinsa waje. Da ihun yaran muka shiga.

“Kada kowa ya taɓa ni,” yana cewa ta cikin ɗaki. “Gwaji nake yi.”

“To ya ci jarrabawa,” in ji mai aski. “In ƙofa ta kasa raba ka da shi, teku ma ba za ta iya ba. Malama, a ba ni sabulu.”

Sabulu bai yi ba, man gyaɗa bai yi ba. A ƙarshe Malama ta zare allura daga ɗankwalinta ta soka. Muka tsaya muna sauraron Kyaftin yana sacewa a hankali.

Sai horon jiri. Ya ciro ƙyauren ɗakin girki ya ɗora a kan ganga kwance, wai jirgi ke nan. Yara suka hau gefe da gefe, shi ya tsaya a tsakiya da farar hularsa yana ba da umarni a ƙara ƙarfi. Yaran sun yini ba abin da ya same su. Shi ne aka sauko da shi kafin shayin da ke hannuna ya huce, fuskarsa ta koma kalar ganyen da ya kwana a rana. Ya ce ba jiri ba ne, jikinsa ne ya tuna da da.

Akwai kuma wani abu da ya shafi gishiri a cikin shayin safe, da wata agwagwa da aka aro. Wannan yana cikin abin da ya zube mini. Na dai tuna mai agwagwar ya daɗe ba ya amsa masa gaisuwa.

Ana sauran ƴan kwanaki tafiya, sai muka ga baro yana shiga gidan da yashi daga wurin mai bulo, yana fita, yana komowa. Na leƙa ta kan katanga. An shimfiɗe rabin tsakar gida da yashi. Kyaftin yana durƙushe a bakin rariya, wato kafar da ruwan tsakar gidan ke fita, yana cusa mata siminti.

“Lafiya, Kyaftin?”

“Malam, teku zan yi musu. Su shiga, su ji yadda take, su daina tsoro. Ranar da suka ga ta gaske, sai su ce ashe wannan ce.”

“In ka toshe rariya, ta ina ruwan zai fita?”

“Ka taɓa jin teku mai rariya?”

Malama ta yi magana sau ɗaya. Ta ce, “Baban yara, tafiya ce fa kawai. A shiga mota a sauka.” Ya ce ita ta san allo, shi ya san ruwa. Ta ɗauke buhunan hatsi ta ɗora a kan tebur, ta ci gaba da ninke kaya.

Bai tsaya nan ba. Ƙofar gidan ta ƙarfe ce mai buɗewa waje, sai ya jingina mata katakai ta ciki ya lulluɓe da tamfol, in za ka shiga sai ka tsallaka. Ya jawo tiyo daga banɗaki, ya jawo daga ɗakin girki. Ya cire kawunan famfunan gidan kaf, wai suna rage wa ruwa ƙarfi. Da ya rasa inda zai ajiye su, sai wata dabara ta zo masa, ya binne su nan da can cikin yashi, wai yara su koyi tsintar katantanwa. Ya kafa fanka a kan kujera don igiyar ruwa. Ya rufe babban makullin ruwa na bakin ƙofa, sannan ya bi layi gida-gida yana gayyata: ana gobe tafiya, da la'asar, kowa ya zo ya ga teku kyauta.

Mun je kuwa. An jera benci a bakin baranda, mata ta can, mu ta nan, yara a kan katanga. Aka zaunar da Inna a gaba a kan tiyub ɗinta. Kyaftin ya fito da hula da gajeren wando, ya yi jawabi a kan haɗarin teku da ladubbanta. Ya tsallaka waje ya murɗa babban makulli, ya komo da gudu ya tsaya a kan yashi, ya ɗaga hannu.

Tiyo ya yi tari. Ya yi huci kamar maciji. Ya tofo wani ɗan ja-ja da bai cika cokali ba, ya yi shiru.

An ɗauke ruwa. A unguwarmu ba sabon abu ba ne, kowa ya sani, ban da mai gyaran famfonmu da ya zaɓi ranar.

Muka zauna muna kallon busasshen yashi, fanka tana watsa mana shi a ido.

“Kyaftin,” in ji mai aski, “ka nuna mana hamada, mun gode. Saura teku.”

“Janyewa ta yi,” ya ce, ko gezau. “Haka take yi. Wata ne ke jan ta. Ku tambayi Malam.”

Duk aka juyo ana kallona. Na ce lalle na karanta haka.

“Ina gajeren naka mai inji?” na tambaye shi a hankali.

“Yana hutu.”

Aka watse ana dariya. Shi ma ya yi, don ba shi da riƙo. Cikin hidimar ɗaure kaya, ba wanda ya tuna da babban makulli. Yana nan a buɗe.

Da sassafe suka kulle gida suka fito bakin layi da akwatuna, muka fito rakiya. Direba ya makara, kamar yadda direbobi suka saba. Hantsi ya ɗaga, rana ta fara zafi. Kyaftin bai damu ba, ya samu masu saurare. Ya rataya tiyub a kafaɗa, wannan karon na babbar mota, yana koya wa mai shayi yadda ake gane hadari daga warin iska.

Inna tana zaune a benci a inuwar rumfa, ta cire takalmi tana hutar da ƙafa. Sai ta ɗan motsa yatsunta. Ta sake motsawa. Ta ɗago kai, fuskarta ta cika da murna.

“Kai wannan, har mun iso?”

Muka dubi ƙasa. Ruwa ne, siriri, yana gangarowa ta tsakiyar layi, ya ratsa ƙarƙashin benci ya nufi akwatuna. Muka bi shi da ido har inda ya fito. Ƙarƙashin ƙofar Kyaftin.

“Ta dawo!” mai aski ya yi ihu. “Jama'a, wata ya sake ta!”

Daidai nan mota ta karyo kwana, cike da fasinja, direba yana danna oda.

Kyaftin ya ruga, muka bi shi, har da fasinjojin da suka sauko miƙe ƙafa. Ya durƙusa a babban makulli ya murɗa. Ya juya. Ya ci gaba da juyawa. Yana ta juyawa kamar tayar keke, ruwa bai san ana yi ba.

“Wane ɗan koyo ne ya gyara wannan?” ya ce cikin fushi.

“Kai ne, bara,” in ji Malama.

Ya miƙe ya zaro mabuɗi. Na ce masa, “Kyaftin, ƙofar nan fa ita ke riƙe da katakai.” Ya ce in matsa, wannan ba wurin littafi ba ne. Ya gyara hula, ya buɗe kwaɗo.

Ban taɓa ganin teku ba, amma na ga igiyar ruwa. Ƙofar ta bugo waje, katakai da tamfol suka biyo, ruwa ya ɗauki Kyaftin ya zaunar da shi cikin tiyub ɗinsa, ya tafi da shi. A bayansa ga takalma, ga robar wanki, ga turmi yana tangaɗi, ga kaza a kan murfin tukunya tana zagin kowa. Ya wuce mu yana juyawa, ƙafafu a sama, bai tsaya ba sai da ya daki tayar motar. Hular ta ci gaba da tafiya ita kaɗai.

Wani fasinja ya tafa. Mai aski ya sara masa irin na soja.

“Sannu da zuwa, Kyaftin. Yaya hanya?”

Da an tsaya nan da sauƙi. Amma tsakar gidan ta fi titi zurfi, ruwan da ya rage ya kai gwiwa, kuma tiyo bai fasa aikinsa ba. Ya shiga ɗakuna, katifu sun sha sun ƙoshi. Ta wajena kuma katanga ta fara gumi a daidai inda littattafaina suke. Kawunan famfo suna ƙarƙashin yashi, yashi yana ƙarƙashin ruwa. Kyaftin ya lalubo ɗaya, ya ɗago, ashe murfin kwalba ne.

Saura rariya. Ya karɓi guduma da cizal ya durƙusa cikin ruwa yana duka. Ya yi ta duka har hannunsa ya mutu. Mai bulo ya karɓa, ƙato ne, ya yi ta duka har ƙotar ta karye. Siminti ko tsagewa bai yi ba. Wani ya zagaya ta bayan katanga ya dawo yana riƙe da baki.

“Ko ɗigo ba ya fita. A bushe yake ƙamas.”

Mutanen da suka yi shekaru suna zubar da bokiti suka dubi juna.

“Allah mai iko,” in ji mai aski. “Yau aikin Ɗigo bai yi yoyo ba.”

Shi ne karo na farko da aka faɗi sunan a gabansa. Ya ɗago daga cikin ruwa, kuma wallahi abin da na gani a fuskarsa alfahari ne.

“Na sha gaya muku,” ya ce. “In na ga dama ina iyawa.”

Direba ya sake danna oda, ya leƙo ya ce yana da mutane, hanya kuma da nisa, ko a shiga ko ya wuce. Kyaftin ya ce a ba shi zuwa azahar. Direba ya tada inji.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa yaran akwatuna, ta kama hannun Inna.

“Baban yara, mu mun tafi. In ka bar gidan nan haka, katangar Malam ba za ta kai dare ba.”

“Wa zai nuna muku tekun? Ba ku gama horo ba!”

“Za mu tambaya a hanya. An ce babba ce, da wuya mu wuce ta ba mu gani ba.”

Inna ta juyo wajen da muryarsa take. “Zauna ka kula da taka, ɗan nan. Mu za mu je mu ga ta Allah.”

Ni na riƙe mata sanda tana hawa motar. Ta jawo hannun rigata ta yi ƙasa da murya.

“Malam, hular can da ruwa ya tafi da ita, a tsinto masa. Ni na ɗinka ta, ranar da zai je wurin mai hoto a bayan kasuwa. Jirgin a jikin labule yake.”

“Ashe kin sani, Inna?”

“Ni na haife shi. Ko gada ba ya so mota ta hau. Na so ne in ja shi ya gan ta shi ma, ya samu na gaskiya da zai riƙa faɗa.” Ta yi ajiyar zuciya. “To, zan gano mana mu biyu.”

Motar ta tashi, fara ko shuɗiya. Ma'aikatan ruwa ne suka zo daga baya suka rufe ruwan layin gaba ɗaya, muka kwana biyu muna saye a wurin ƴan garuwa. Rariyar kuwa sai sabuwa aka fasa a gefenta.

Inna ta ga teku. Malama ta ce da suka isa, Inna ta tsaya a bakin ruwa ta ce tana ganin shuɗi, tana ganin inda ya haɗu da sama, kuma yaron nan bai yi ƙarya ba, da girma. Kafin shekara ta zagayo idon ya rufe.

Inna ta kawo masa tsaraba: ruwan teku cikin kwalba, ta ɗebo da hannunta. Ya karɓa a gaban majalisa, ya buɗe ya sansana, ya ce e, ita ce, ya gane warinta. Sai ya juya murfin ya ce aikin kamfani ne, ba shi da aminci, zai yanka masa zoben roba da kansa. Ya ajiye ta a kan kantar katako a shagonsa, ƙarƙashin hoton.

Mai aski ya daɗe yana faɗin wata magana a kan kwalbar nan, ni kuwa ba na son rubuta abin da ban gani ba. Kwanakin baya na je shagon neman a duba mini famfona, Kyaftin ya shiga ciki ɗauko jaka, na sa hannu na ɗaga ta. Murfin yana nan a ɗaure tam. Kwalbar babu komai a ciki. A kan katakon, inda ta zauna, akwai farin zobe na gishiri.